Neman muryar gitar Kawu a Malanville

Muna sallame sallar asuba munka hita, ni da kawuna, ƙanen mahaifiyata. Kabu-kabu biyu munka tare a bakin titi cikin Gaya, shi ɗaya ni ɗaya, gitarshi naɗe cikin tsohon zanen matarshi don zip ɗin jakar ya mutu tun bara. Na ce ya ba ni in riƙe, ya ƙi. Haka ya rungume ta bayan mai babur har bakin gulbi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, Kawu ya haura shekara talatin yana kaɗa gitar lantarki a gidajen buki, ni kuwa ni ke riƙe mashi gita ta biyu, shi ya koya mani. Abin da ya kai mu Malanville mikiro ne, wato ɗan ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke kwance ƙarƙashin tsarkiya yana ɗaukar sauti zuwa ampili, akwatin nan da ke ƙara ƙarfin sauti. Nashi na wajen jaki, can ƙasa inda tsarkiyoyin ke ɗaure, irin mai naɗi biyu ne da muke ce ma dubul. Kawu ya daɗe yana cewa mikiron ya mutu, muryar gitar ta dushe. Kullum sai ya ƙara murɗa ampili wajen kaifi, har sauti ya koma yana soke kunne.

Akwai kuma abin da shi bai sani ba. Uwayen buki biyu sun ja ni gefe sun ce in dai da tsohon za mu zo, a bari. Abokan kiɗanmu sun zauna sun yanke cewa in anka gama bukin da ke gabanmu, sai a ce mashi ya huta. Ni sunka ɗora ma faɗin. Don haka na shiga tahiyar nan ina roƙon Allah laifin ya zama na mikiron ne, wallahi da zuciya ɗaya.

Tun da gadar iyaka da ke haɗa Gaya da Malanville take rufe, kowa jirgin ruwa yake shiga. Bakin gulbi ya cika tun kafin rana ta hito: 'yan dako, mata da kwanuka, buhunan masara, har da wani mai babur da anka ɗaga shi da babur ɗin anka aza. Dala ɗari-ɗari munka biya, mai jirgin ya so ya sa gita cikin lissafin kaya, Kawu ya ce ai bisa cinyarshi za ta zauna, ba ta cin wurin kowa. Ruwa ya cika, yana da launin koko, injin na tari muna salati. Da munka sauka wancan gefe, wani jandarma ya duba takardunmu, ya tsaya yana kallon dogon abin da ke cikin zane. Kawu ya kwance mashi. Mutumin ya yi dariya ya ce da Farasanci a gayyace shi buki, munka wuce.

Malanville ranar kasuwa sai ka riƙe gabanka. Warin albasa ne ke fara tarbarka, buhuna jibge sun fi mutum tsawo, ga manyan motoci na Kwatano sun toshe hanya, 'yan zemijan, wato kabu-kabun can, na kutsawa tsakaninsu ba tsoro. Dandanci, harshen mutanen garin, ake ji ko'ina, amma in ka yi Hausa a amsa maka. Munka zauna wurin wata mai abinci munka ci shinkafa da wake da soyayyen wagashi, cukun nan nasu na nono, yajin nata ya sa ni hawaye. Ta tambayi Kawu ko a ƙara mashi miya, sau biyu, bai ɗago ba. Ni na amsa mata. Na ce ma raina hayaniyar kasuwa ce.

Mai gyaran da anka kwatanta mana yana bayan layin masu albasa, cikin wani ɗan shago cike da gawar rediyo da ampili. Badande ne, zai yi shekara hamsin, da tabarau ɗaure da zare. Ya kwance mikiron Kawu ya ɗora mashi wayoyin ma'auni, ya ce gaskiyar tsoho, naɗi ɗaya ya tsinke, zufa ta cinye shi. Shi ya sa in anka tada gurup ɗin wuta, wato janareta, gitar take ta gurnani, don amfanin naɗi biyun ke nan, ɗaya na kashe ƙugin ɗaya. Kawu ya juyo ya kalle ni, ka ga dai kallon wanda ya ci shari'a. Ni ma sai da na ji sanyi a raina.

Ya hiddo dubul uku daga cikin gwangwanin madara, duk daga tsofaffin gitoci na tashar jirgin ruwan Kwatano. Na farko ya aje shi gefe tun kafin a gwada, don da ya ɗora shi ƙusoshin maganaɗisunshi ba su zauna daidai ƙarƙashin tsarkiyoyi ba, na gefe biyu sun kauce. Na biyu baƙi ne tsirara, ya ce naɗinshi da yawa, maganaɗisun mai ƙarfi, samari masu kiɗan hayaniya shi suke so. Na uku yana da murfin ƙarfe da ya dushe, ƙarfinshi matsakaici, ya ce wannan ba ya ihu amma kowace tsarkiya ana jin ta daban. Kiɗan Kawu kuwa da yatsu ne, tsinka-tsinka irin na molo, ba ya son a cakuɗa mashi sauti.

Na ɗauka za mu gwada nan cikin shago mu tashi. Mutumin ya ce a'a, shi ba haka yake aiki ba. Wurin buki ba cikin ɗaki ake yi ba, kuma ba mai kiɗa ke sauraro ba. Ya jawo ampili waje, ya tada gurup ɗinshi ko da yake akwai wuta, ya ce ni in zauna in kaɗa, mai gita ya tahi can ƙetaren layi ya tsaya daidai inda mata za su yi rawa.

"Baba, daga can za ka zaɓa," in ji shi. "Wanda ka ji ya yi maka, ka ɗaga hannu."

Ya maƙala mai murfin da wayoyi na wucin gadi, ya bar ampili tsaka-tsaki. Na kaɗa wani tsohon kiɗan Kawu na rakiyar amarya. Jama'a, gitar nan ban taɓa jin ta haka ba. Gurnani ya tahi, sauti ya hito cike, mai ɗumi. Wata mai albasa ta fara kaɗa kai tana auna ma mai saye. Na ɗaga ido ina neman hannun Kawu. Yana tsaye cikin rana, ya karkato kunne, ya girgiza kai. Ya yi nuni a ƙara. Anka ƙara, ya sake girgiza kai.

Anka sa baƙin. Shi ma ya ce a ƙara kaifi, a ƙara, har mai gyara ya kai makunnin ƙarshe yana kallona ta saman tabarau. Sautin ya koma kamar ana goga kwano bisa siminti, haƙorana har sunka yi tsami. Nan ne Kawu ya ɗaga hannu, fuskarshi ta washe, rabon da in ga wannan murmushin an daɗe. Yana cikin murmushin ya juya don ya ga ko mutane sun ji abin da ya ji. Mai albasar nan ta toshe kunne da gefen mayafi. Wata mai goyo ta juyo da ɗiyarta gaba ta rufe mata kunnuwa da tafin hannu tana sauri ta bar wurin. Wani dattijo yana yi mana nuni da hannu mu rage.

Hannun Kawu ya sauka a hankali. Na daina kiɗa. Ya ƙetaro layin, ya zauna bisa benci kusa da ni, ya daɗe yana kallon gitar.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na ce, "Za a yi shekara biyu, Kawu."

"Kunka yi shiru."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don gaskiya ne, mun bar shi yana soke kunnuwan mutane muna gunaguni bayan idonshi. Mai gyaran, Allah ya saka mashi, ya shige shago ya kama kwance wata rediyo da ba ta buƙatar kwancewa.

Can Kawu ya ce a sake sa wanda anka fara gwadawa, in kaɗa, amma ni in zaɓa. Na ce mai murfin. Bai yi gardama ba. Mai gyara ya narka dalma ya haɗa shi, ya sassauta ƙusoshin gefe ya ɗan nisanta shi da tsarkiya don kar ya yi tsawa, ya sa na koma ƙetaren layi Kawu ya kaɗa da kanshi. Yatsun nan ba abin da ya taɓa su. Ina tsaye ina nuni, mai gyara na murɗawa, har munka samu daidai. Sai ya ɗauko farin fenti ya ɗiga bisa kowane makunni na ampilin gwajin, ya kwafe mana wurin a takarda don mu yi ma namu haka. Jikka goma sha biyu ya ce, munka rabu a goma, ya ƙara mana tsarkiya ɗaya kyauta.

Bayan azahar munka koma bakin gulbi. Na sayi albasa rabin tiya da kihi busasshe don kar a ce mun je Malanville mun dawo hannu biyu. Cikin jirgi na samu ƙarfin hali na faɗa mashi sauran, har da shawarar da abokan kiɗa sunka yanke, da bakina kusa da kunnenshi don ƙarar inji. Ya ce ya ji. Ya ce a bar shi ya yi bukin nan, ba zai taɓa ampili ba, in an sake kuka da shi zai aje da kanshi. Kafin la'asar muna gida.

Abin da tahiyar nan ta koya mani, in za ka sayi mikiro kar ka bi mai ƙarfi don ƙarfinshi, ka duba irin kiɗanka, ka gwada shi da gurup a waje, ka tsaya inda masu sauraro ke tsayawa. Na kuma gane shirun da na yi shekara biyu ina kiranshi ladabi, tsoro ne kawai.

An yi bukin ranar Asabar da yamma. Kawu ya zauna ya kaɗa, hannunshi bai je wajen ampili ba ko sau ɗaya, mata sunka yi rawa har ƙura ta tashi, uwar bukin da kanta ta zo ta manna mashi kuɗɗi a goshi. Babu wanda ya sake tada zancen hutu. Muna naɗe wayoyi ya matso kusa da ni ya tambaya ko ya yi daɗi. Na ce mashi ban taɓa jin ya kaɗa haka ba.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ni ban ji ba."