Wurin Ga Da Mai Shi

Makona uku da kama aikin tafinta, Baturen gandun daji ya ce za mu je mu kwana a duwatsun da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Ba aiki ya kai mu ba. Ya taɓa hango su daga kan doki, jajaye masu shafaffen kai kamar an yanke su da wuƙa, ya ƙudura sai ya zana su a takarda. Wanda na gada korarsa aka yi, don ya juya wata magana ba daidai ba a gaban hakimi, kuma babu wanda bai ba ni wannan labari ba a bariki.

Ƙarshen bazara ne. Muka isa bayan azahar, da Bature, da ni, da kukunsa, wani dattijo mutumin Dingyadi, da 'yan dako da jakuna. A tsakanin duwatsu biyu akwai wani kwari mai farin rairayi, ga laushi ga inuwa. Nan Bature ya nuna, nan aka kafa tanti.

Ana cikin buga turaku sai ga wani tsohon Bafulatani ya biyo da shanunsa ta gefen tudu. Ya tsaya, ya dogara sanda, ya daɗe yana kallonmu. Na je na gaishe shi.

Ya ce, "Malam, hwaɗa ma Nasaran ga, wurin ga da mai shi. In yat taho, ba shi sallama."

Ni ɗan birni ne, kuma ɗan makaranta. Da na ji “mai shi” a bakin makiyayi a gindin dutse, aljannu kawai suka zo mini. Haka na gaya wa Bature, har da ɗan murmushi, don ya san ni na wuce irin wannan camfi. Ya yi dariya, ya ce to lalle a nan zai kwana, yana son su gaisa da mai gidan. Tsohon ya kora shanunsa ya haura.

Da la'asar na sami kuku yana hura wuta. Bai jin Turanci sosai, amma ya ga dariyar.

"Malam Tahinta, mi kac ce mai?"

Na gaya masa. Ya ajiye mafici.

"Aljannu? Boko ya gama da kai. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. A reshen wata farar ƙaya, sama da inda hannuna zai kai, akwai busasshiyar ciyawa da karare sun nannaɗe, duk sun karkata gefe guda.

"Wa yah hau yas sa su can? Ruwa na, Malam. Shi am mai wurin. Ana yin shi gabas, kai kana nan rana na dukanka, sai dai ka gane shi bisa kanka."

Na juya gabas. Can ƙasa-ƙasa sama ta yi baƙi, walƙiya tana motsi a ciki ba ƙara.

Tazarar da ke tsakanina da kujerar Bature ba ta fi taku talatin ba, amma sau biyu ina zuwa ina dawowa. Da farko na ce masa kwari yana tara sauro. Ya ce yana da gidan sauro. Na koma na ce macizai. Ya nuna mini bindiga, bai ko ɗago daga zanensa ba. Na koma gefe na tsaya. Ina tuna mahaifina da ya yanka rago ranar da aka ɗauke ni aiki, ina kuma kallon 'yan dako suna shimfiɗa tabarmi a tsakiyar rairayi. Kuku kuwa, na ga ya kwashe tukwanensa ya fara hawa tudu.

Na koma wurin Bature karo na uku, na tsaya sosai, na ce masa na yi kuskure. Na maimaita maganar tsohon kalma bayan kalma, na kai shi gindin farar ƙayar. Ya dubi ciyawar, ya dubi gabas, sannan ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce a tashi.

Mun idar da magariba ke nan a kan tudu muka ji wani gunji daga nesa. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Ruwan ya shigo kwarin ja wur, yana tura itatuwa a gaba, ya tafi da bahon wankan Bature da ba a kai ga ɗaukowa ba.

Da safe Bature ya kira ni. Na je da shirin miƙa hular aiki. Ya ce daga yau in riƙa ba shi maganar mutane yadda suka faɗe ta, ra'ayina kuma in riƙe sai ya tambaya. Sannan ya koma kan zanensa.

Ina saukowa na ci karo da tsohon da shanunsa.

"Ya zo?"

"Ya zo, Baffa."

"Ya yi sallama?"