Ragowar Yadin Mutane

Tun ina da cikin ɗiyata nake tunanin inda zan ajiye ta idan ta isa rarrafe. Sauran mata naƙuda suke tsoro, ni kuwa tsakar ɗakina nake tsoro. Ɗaki ɗaya muke haya a Batsari, tun shekarar da kwana a ƙauyenmu na wajen Ruma ya gagara muka taso. Gado ya ci rabin ɗakin, keken ɗinki ya ci kusurwa guda. Abin da ya rage kuwa buhunan taki ne guda biyar, da adaka, da kwallar aurena, duk cike da ƙyallaye. A ƙarƙashin gado akwai gwangwanayen madara na maɓallai da zif da roba, da ledar ulu da na saya zan yi saƙa ban taɓa samun zama ba. Hanyar da ta rage daga ƙofa zuwa gado, sai mutum ya karkace yake wucewa.

Ba son tara kaya ne ya kai ni ba. Mahaifiyata ce ta koya mini ɗinki, kuma kafin ta bar ni in riƙe almakashi sai da ta koya mini abu ɗaya: ragowar yadin mutum nasa ne. Idan kin gama ɗinki sai ki tattara abin da ya saura, ki yago siririn ƙyalle daga jikinsa ki ɗaure, ki miƙa wa mai shi tare da kayanta. A ƙauye haka ake yi, don ranar da zane ya yage da shi za a yi faci. Akwai wata dattijuwa 'yar Yasore da ba ta taɓa barin gidanmu ba sai ta ce, "Ina sauran? Ko kamar tafin hannu ne a ba ni abina."

Da muka dawo gari sai abin ya canza. Mata suna zuwa a gaggauce ranar kasuwa, su karɓi ɗinki, mai babur yana jira a waje don a koma kafin la'asar. In ce ga ragowar yadinki, ta ce, "Ajiye mini, sai na dawo." Wasu sun dawo. Da yawa ba su dawo ba. Wata an ce sun koma Katsina, wata an ce Jibiya, wata kuwa duk wanda na tambaya sai ya kawar da kai. Ni kuma ban iya rubuta sunaye da sauri ba, a aji huɗu na tsaya, don haka da zanen atamfa nake gane kowa. Mai ganyen rogo ta matar mahauci ce. Mai tsuntsu ja ta wata amarya ce mai yawan dariya. Haka ƙulli ya hau kan ƙulli har buhu ya cika, na nemo wani.

Da ɗiyata ta zo, sai na mai da bayana ɗakinta. Da goyo nake taka keke, da goyo nake girki. Idan na sauke ta, kan gado ne, in tare ta da matashi. Ƙasa kuwa ban yarda ba, don duk sharar da na yi sai na tsinci maɓalli ko guntun zare. Alluraina na hannu guda uku ne, a jikin wani ƙyalle da na rataye a bango nake soke su, kuma kullum sai na duba su kafin in fita tsakar gida.

Wata safiya tana da wata goma, na ɗaga kai na ga biyu.

Na duba zanen jikina, na duba ɗankwali, na duba kan keke. Na kwance goyo na tuɓe yarinyar tsirara ina shafa jikinta, tana ta dariya ita a zatonta wasa ne. Maigidana yana shirin fita da buhun dankalinsa zuwa kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Lafiya kike juya ta kamar waina?"

"Malam, allura ɗaya ba ta nan."

Ya dubi buhunan, ya dube ni. "A cikin wannan dajin za ki nemo allura? Allah ya ba da sa'a. Ni dai na sha faɗa miki, wata rana sai mun nemi izini wajen tsummokara kafin mu shiga ɗaki."

Na aika aka kira mini mahaifiyarsa, wadda ke zaune da ƙaninsa gida uku daga namu. Inna ta zo, muka gaisa a tsaitsaye, na miƙa mata yarinyar ta goya. Sai na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida na fara fito da buhuna ɗaya bayan ɗaya ina zazzagewa.

Ban san yawan abin ba sai da rana ta haska shi. Kowane ƙulli sai na matsa shi a hankali da yatsa, in kwance, in kakkaɓe, in sake ɗaurewa. Wasu sun yi warin ruma, wasu gara ta taɓa gefensu. Kuma kowanne na ɗaga sai fuskar mai shi ta zo mini. A ƙasan adaka na tarar da turmin atamfa shuɗi wanda ko yanka shi ban yi ba. Wata mata ce daga Babban Duhu, can ƙasar Safana, ta kawo, za a yi musu iri ɗaya ita da 'yarta na Sallah. Ta ce sai ta zo da yarinyar an gwada ta. Sallah uku ke nan.

Wajen azahar bayana ya ƙage, idona yana yaji. Na ce, "Inna, ni kam ashana zan ƙyasta wa kayan nan in huta."

"Ki ƙona mi? Naki ne?"

"To in kai juji."

"Ke ɗiyar nan, kina da hankali kuwa? Ƙyallen jikin mutum a juji? Wani mugu ya tsinta ya kai inda ba a so, alhakin yana wuyan wa?"

"To ya zan yi, Inna? A kaina zan ɗora su?"

Inna ta miƙe. Ta kwance yarinyar ta zaunar da ita a kan ƙasa, can nesa da tabarmin, ta ajiye ludayi a gabanta kaɗan. Ɗiyata ta miƙa hannu, ta kasa kaiwa, ta dube ni ta fashe da kuka. Ko yunƙurin durƙusawa ba ta yi ba.

"Kin gani?" in ji Inna. "Sa'anninta suna bin kaji a tsakar gida. Wannan ba ta san mi ake yi da gwiwa ba. Ba ciwo gare ta ba, ƙasa ce ba ku ba ta ba."

Wannan maganar ta fi ɓatan allurar yi mini zafi, don na san gaskiya ce. Ina tsare ta daga maɓalli, ashe na hana ta tafiya.

Sai bayan la'asar na sami allurar, a buhu na huɗu, a soke a bakin ƙullin mai ganyen rogo. Buhun da ke jingine da ƙafar gado ne, daidai inda hannunta yake kaiwa idan ta leƙo. Na zauna da ita a tafin hannuna. Ko daɗi ban ji ba, gajiya kawai.

Washegari na ware abin da yake nawa. Ƙyallayen kayanmu na gida na cusa a matashi biyu. Ulu da kwarashi na ba maƙwabciyata mai saƙar hular jarirai. Maɓallan na juye a gwangwani ɗaya mai murfi, na ɗora a kan taga. Duk da haka buhu ɗaya kawai ya ragu. Huɗun na mutane ne.

Maigidana ya kai maganar wajen limamin unguwarmu. Ya dawo ya ce malam ya ce amana ce, ba a ƙona ta, ba a zubarwa. A yi cigiya iyakar iko, a jira. Idan masu shi ba su zo ba, a bayar sadaka da niyyar ladan ya je gare su. Na ce har yaushe za a jira? Ya ce malam ya ce mu ba su lokaci zuwa bayan kaka, lokacin da mutane suke samun shigowa gari.

Yanzu muna da fili a ɗaki kamar faɗin tabarmar salla. Kullum da safe in share shi sau biyu, in bi da tafin hannu, sannan in ajiye ta. Ta fara ja da ciki. Jiya ta ɗaga gwiwa ta rarrafa taku uku, sai goshinta ya daki buhu, ta zauna tana kallonsa. Ni ma shi nake kallo.

Na faɗa wa matan da ke zuwa ranar kasuwa, na faɗa wa masu babur da ke shiga ƙauyuka. Wannan rubutun ma cigiyar ce, kwana huɗu ina yin sa. Idan kin taɓa kawo ɗinki wajen wata 'yar Ruma a bayan kasuwar Batsari, gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa, kika ce a ajiye miki sauran, yana nan a ɗaure yadda kika bari. Ki zo ki karɓa daga nan zuwa bayan kaka. Idan hanya ba ta biyuwa, ki aiko a ce mini kin yafe. Wanda kuma ya san inda mai shuɗin turmin nan ta Babban Duhu take, don Allah ya gaya mata ban yanka ba.