Tabon Hannun Riga

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fitar da yashi a bakin gulbi, tsakanin Bakura da Talata Mafara, wurin da in bazara ta kama, ƙasa kan ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Lebura shida gare ni, da shebur, da tsohuwar tifa mai tari kamar ta sha hayaƙi. Kullum da farar riga nake zuwa, mutane suna dariya. Ba ado ba ne. In na damƙi yashi mai laima na goga a hannun riga, ya kakkaɓe ba tabo, na gini ne. In ya bar ja, laka ce a ciki, bulon da aka buga da shi marmashewa zai yi.

Yayana bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ma'aikacin ofis ne a birni, irin waɗanda ke goge kujera da hankici kafin su zauna. Ni kuwa a wurinsa mai wasa da ƙasa ne. Da ya tashi gina wa Inna, mahaifiyarmu, ɗakin siminti don ta bar na laka, ko shawara bai yi da ni ba. Sai gani na yi an juye yashi tifa biyu a ƙofar gida, wai wani abokinsa ya kawo daga wajen Faru. Lallausa, ja-ja, mai kyan gani. Shi dai kyan gani ne iyakar iliminsa.

Na damƙa na goga. Hannun rigata ya yi ja kamar an zuba miyar manja.

"Yaya, wanga yashi da laka ciki," na ce.

Ya dube ni a gaban magina. "Mi ka sani? Ƙasa ai ƙasa ta. Kai dai haushi kaka ji ba a ɗauki naka ba."

Magina suka sunkuyar da kai, don su ma sun sani. Raina ya ɓaci, na raina shi har cikin zuciyata. Ga ramina, ga tifata. Da na so, kafin la'asar na sauya yashin nan, ko Inna na faɗa wa ta hana. Ban yi ba. Na ce bari damina ta koya masa karatun da ofis bai koya masa ba. Har zagayawa nake ina kallon ginin ina murmushi.

Aka gama ɗakin, Inna ta tare a ciki. Ruwan Agusta na uku ya yi aikinsa. Da hantsi bangon gabas ya zube, ya danne gadon Inna da ƙafarta ta hagu. Har yau da sanda take tafiya.

Da aka ɗora ƙafar, Yaya ya tsaya yana zagin siminti da magina, kowa da laifi ban da shi. Ni ina gefe, ina jira a ce gaskiyata ta fito. Inna ta yafito ni, na durƙusa.

"Rannan da anka kawo yashin," ta ce a hankali, "ni na wanke maka riga. Na ga hannunta."

Ta juya fuska ga bango, na tsohon ɗakin lakar da muka maishe ta.