Burodin Baƙuwa a Bakin Ruwan Warra

Bara masunta suka kayar da baƙuwar nan a gardama, suka ce burodinta sai dai a jefi kada da shi. Bana ga su cunkushe gabanta, Inna Dudu mai masa kuwa ƙuda take kora.

Dudu na hararar ta: siririya ce, hannu duk tabon ƙuna, da gani ta sha ɓarnar fulawa kafin ta iya. An ce tsohon ƙullu take kwaɓawa da albasa da ɗoɗɗoya, ta gasa a tukunya, garwashi bisa murfi. Tana yankawa, ƙamshi har cikin jirage.

Dudu ta matso, ta gutsura, ta ƙara gutsura.

"Ɗiyata, abin da ya yi tsami haka, mu awaki muke ba."

"To, Inna, haɗiye na bakinki tukuna, kada ki ƙware."