Kulu Ɗaga-Riga

Kullum da safe, kafin Inna Kulu ta fara ganin marasa lafiya a ƙaramin asibitinmu na Taba, sai ta ɗumama tafin hannunta a jikin butar shayi. Ta san mata na tafe da yara masu tari, an naɗe su kamar ƙullin goro don kada sanyi ya ƙara shigarsu. Ita kuwa maganarta ɗaya ce: "Ɗaga masa riga." Daga nan ta samo sunan da muke tsokanarta da shi.

A ƙirji take rarrabe ciwo. In numfashi na tafiya daidai, mura ce, a ba shi nono a koma gida. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa, sai babban asibiti, ba ta jin magiyar kowa. Ta sha faɗa kan wannan. A gabana Malam Yahuza, da ya kawo jaririnsa mai tari, ya ce, "Haba Inna, mun baro gona, ko 'yar allura babu?" Ta ce, "Malam, allura ba ta kashe mura. In ya ƙi nono ku dawo."

Kaɗan ne suka san mafarin abin. 'Yarta ta fari, Rumaisa, ta yi tari, kowa ya ce mura ce, aka ƙara mata bargo. Ba a cire rigar ba sai wajen wankan gawa.

Inna Kulu, ke ce kika binne ɗaya, kika hana mu binne namu.

Bana idonta ya dushe, likita ya ce ba ya dawowa. Ranar da za ta ajiye aiki ina wurin, kuma ban ɓoye hawayena ba. Wata mai goyo, Naja'atu, ta shigo da jaririnta, ta ɗaga rigar tun ba a ce mata ba. Inna ta sunkuya ta daɗe, sannan ta ce, "'Yata, ba na gani. Ke faɗa mini."

"Yana lotsawa, Inna."

"To, maza a nemo mota."

Yaron yana nan da ransa.

Mun gode, Inna, Allah ya saka da Aljanna. Mu kuma jama'a, idon da ke duba mana ya rufe. In yaro ya yi tari, a ɗaga masa riga.