Kawu Isiyaku da Waƙarsa Mai Ubanni Huɗu

Duk wanda ya taɓa cin tuwon Juma'a a gidan Kawu Isiyaku a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ya san dokar: ba a buɗe kwano sai an ji faifai. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direban ofishin jakadanci, ya yi ritaya ya ƙi komawa gida. Mu ɗalibai mu cika falo, miya na huci, shi kuwa ya goge faifan garmaho da gefen hularsa, ya ɗora allura, ya ɗaga yatsa.

"Shiru! Baƙaƙen Amurka za su yi magana."

Waƙa ɗaya ce tal, tsohuwa tukuf. Wani namiji na marairaicewa, wasu na amsa masa, ƙaho na kuka. Kawu ba ya jin Turanci sai na fakin da ribas, rubutun tsakiyar faifan kuma ya goge tun ba a haife mu ba. Amma tarihin waƙar? Kai! A bakinsa yake kamar Fatiha.

Wata Juma'a ya ce wasu aminai biyu ne suka tsara ta a shagon aski. Da mako ya zagayo sai ta zama ta wata mata mai wankau, maza suka sace mata. Bashir, abokin karatuna, ya kasa haƙuri.

"Kawu, ba ka ce masu aski ba ne?"

"Kai da kake karatun hadisi, ba ka taɓa jin riwaya biyu ba?"

"To ina isnadinka?"

"Wani ɗan Gana ya faɗa mini a filin jirgi."

"Shi daga wa ya ji?"

"Jirginsa ya tashi. Ci tuwonka."

Wata rana ni da shi muna cikin mikrobas, ƙaramar bas ta haya, za mu unguwar Faisal, rediyon direba ya saki wani kiɗa. Kawu ya zabura har hularsa ta bugi rufi.

"Tsaya! Ɓarawo! Waƙarmu ce!"

Direba ya taka birki, mata suka rungume jakunkuna, kowa na neman ɓarawo. Wani dattijo ma har ya cafke wuyan rigar na kusa da shi.

"Ma'alish ya hajj, yi haƙuri Alhaji," in ji direba, "tallan sabulu ne."

Kawu ya juyo gare ni, idonsa jajir. "Ka gani? Na ce maka mai wankau ce ta yi ta."

Wallahi har muka sauka ban san ko shi ke da gaskiya ba.

A shekarar da aka yi ta ɗauke wuta a Alƙahira, mun ɗauka mun huta. Ina! In garmaho ya mutu sai ya rera da bakinsa, da wani yare da ba Turanci ba, ba Larabci ba, ba Hausa ba. Har ƙahon shi ke busawa da hanci.

Madam Rifkatu, ma'aikaciya a tsohon ofishinsa, ita ta ce za ta raba gardama. Ta zo wata Juma'a, ta kasa kunne, ta latsa wayarta.

"Baba, sunaye huɗu ne a kanta. Wanda ya tsara, wanda ya rera, mai kamfanin faifai, da wani ɗan rediyo da aka liƙa sunansa don ya riƙa sa ta."

"Huɗu? Waƙa ce ko gado?"

"Haka suke yi a lokacin. Wanda ya tsara ɗin ma, an ce da ƙyar aka san da shi."

Shekara da shekaru Kawu yana gaya mana waƙar addu'ar matafiya ce. Ya ce, "To me yake cewa?"

"Matarsa ce ta tafi, yana roƙon ta dawo."

"A cikin huɗun, wanne ne matarsa ta tafi?"

"Ba a rubuta ba, Baba."

"Khalas, shi ke nan. Wannan shi ne mai waƙa. Sauran 'yan rakiya ne."

Muka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallon tagar da ke fuskantar titi, sannan ya ce a hankali, "Matata Hajara ce ta saya mini faifan nan. Ita ta iya Turanci, amma ko sau ɗaya ba ta fassara mini ba. Ashe roƙon da nake yi ke nan tun da aka kai ta makwanci, ban sani ba."

Ranar babu wanda ya nemi ƙari.

Bai kai wani Ramadan ba. Har yau in aka tambaye ni wa ya tsara waƙar nan, sai in yi ta inda-inda. Mun dai samu wuri kusa da Inna Hajara muka kwantar da shi.

Allah Ka yafe wa Kawu Isiyaku, Ka yalwata masa kabari, Ka sada shi da Hajararsa inda ba a sake rabuwa. Amin.