Mai Kwaikwayon Wanda Ya Nitse

A bakin tekun Staten Island, can ƙasar waje, ana koya wa 'yan sa-kai ceton masu nitsewa. Cikinsu akwai wani magidanci dogo, mai tsagar Gobirawa a kumatu da laya a damtse. Ya iya iyo, amma irin na gulbi, kai a sama kullum.

Yau shi malamar da ke koyar da su ta zaɓa ya zama wanda ya nitse: ya kifa fuska a ruwa, ya saki jiki, ya jira a ɗauko shi. In ya kasa, za a cire shi daga horon.

Yana tsaye, ruwa iya ƙugu, bai kifa ba tukuna.

"Lawali, mutuwar wasa ce fa," in ji wani ɗan garinsu daga kan yashi. "Ko mu kira maka liman?"

Ko murmushi ba ya yi. Me gwanin iyo yake tsoro a ruwan da bai kai ƙirji ba? Wataƙila ya taɓa ganin wani nasa a kife haka, bai isa da wuri ba.

Leɓunansa na motsi. Ya kifa. Jikinsa duk ya saki, ban da hannun dama da ke ta lalube a ƙarƙashin ruwa, kamar mai neman wani.